Giwar Kabarin Baba

Ishaya, Hannatu, tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ke naɗe cikin tsohon bargon soja na babanku a bayan ƙofar ɗakina, ni kuma ina ce muku tukunya ce, ku bar ta. Ban yi muku ƙarya ba, tukunya ce. Amma na san kun ji wata magana a ƙauye, cewa uwarku ta sayar wa Turawa kabarin ubanta. Na ga yadda fuskar Hannatu ta sauya ranar da muka dawo daga wata jana'iza a can. Ba ta tambaye ni ba, ni ma na kasa buɗe baki. Yanzu idona ya fara hazo irin na Inna, shi ya sa na sayi wannan littafi na zauna. Zan rubuta abin da na yi da abin da ban yi ba. Kowane layi sai na karanta shi sau biyu, don kada in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba.

A wajenmu, tun kafin coci da masallaci su iso gindin dutse, idan babban mutum ya mutu, maharbi ko gwanin kokawa ko manomin da ya cika rumbuna, ba a barin kabarinsa haka nan. Ana gina masa tukunya ta musamman a ɗora a kai. Ba kowace mace ke gina ta ba, wasu gidaje ne, uwa ta koya wa 'yarta. Inna tana cikinsu. Babana maharbi ne, ya taɓa kashe ɓauna shi kaɗai, don haka da ya rasu Inna ta gina masa irin wadda muke kira giwa. Ba ta kama da giwar littafin makaranta. Ciki ne babba kamar na tulu, da gajerun ƙafafu, da kai a ɗage, baki a buɗe yana kallon sama. Ban wuce shekara takwas ba lokacin. Ina zaune kusa da ita, yumɓun bai bushe ba, sai na kai yatsa na danna bayan kunnen hagu. Inna ta buge mini hannu, ta tsaya tana kallon ramin, sannan ta ce a bar shi, ai ubana ne. Haka aka gasa ta da ramin yatsana, aka hau da ita dutse. Ita ce ta ƙarshe da Inna ta gina irin wannan, don bayan nan mutane suka koma zuba siminti. Da ta zo koya mini gini, doka ɗaya ta kafa mini.

"Gina abin da kika ga dama, akuya, raƙumi, mace da tulu. Amma ki rufe musu baki. Mai buɗaɗɗen baki na matattu ne, ba a kai shi kasuwa."

Bayan rasuwar babanku a aikin soja na samu aiki a wani ofishin gwamnati a Zuru, shara da kai takardu. Muna haya a Rikoto, kun tuna ɗakin. Ƙarfe bakwai ina ofis, ba na tashi sai huɗu ta wuce. Kun san halina, ba yau na fara ba. Nakan rufe ofis in kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon in gani ko ya kama. In na tsinci biro a ƙasa sai na bi tebur-tebur na nemi mai shi. Gini kuwa ban bar shi ba, shi ne abin da ke sa zuciyata ta daina gudu. Ran Asabar nake yi, da yamma kuma in na dafa muku abinci in ɗan taɓa kafin duhu. Ba don sayarwa ba, sai dai in ba maƙwabta. Wata rana na kai wata 'yar akuya ofis don ta danne takardun Rifkatu, mai buga mana takardu, saboda fanka tana watsa mata su. Rifkatu sa'ata ce, tare muke zumuntar mata, sai dai ita ta yi karatu har ta koyi kwamfuta, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Maman Ishaya, wa ya gina wannan?"

"Ni ce. In ta tare miki wuri in ɗauke."

"Allah ya shirye ki. Kin san akwai masu neman irin wannan a intanet kamar su yi kuka?"

"A ina intanet ɗin yake?"

"Bayan tasha, kusa da mai faci. Ki zo ran Asabar da guda biyar, ki ɗaura zani mai kyau."

"Ni za a ɗauka hoto ko su?"

"Su. Amma ba na jerawa da ke da wannan ɗankwalin."

Shekarar ke nan da sabis ɗin waya ya fara kamawa a wasu unguwanni, mutane suna hawa kan katanga su yi magana. Shagon intanet ɗin ɗaki ne guda, kwamfuta huɗu, janareto a ƙofa, da wani babban faranti mai kamo intanet a kan rufi. Rifkatu ta ɗauki kayana da 'yar kyamararta, ta buɗe mini shafi a wani wuri da masu aikin hannu ke baje kayansu. Hoto ɗaya sai ya yi ta saukowa kaɗan-kaɗan daga sama kamar ana sakin labule. Da na ga akuyata ta fito sarai a gilashi sai tsoro ya kama ni. Ran Litinin na je na tambayi oga ko ya halatta ma'aikaci ya yi sana'a a gefe. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce in dai ba da tsintsiyar gwamnati nake ginin ba, in je. Ran Lahadi na tsare Fasto na tambaye shi ko waɗannan gumaka ne. Ya ce in ban durƙusa musu ba, akuya akuya ce. Duk da haka sai da na yi kwana uku ina juya maganar.

Wata uku ba wanda ya ce komai. Sannan wata mata mai shago a Legas ta aiko ta ce tana son raƙumi da mace mai tulu. Daga ita sai wasu, har daga ƙasashen waje. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ni da na tsaya a aji shida, ga mutanen da ban taɓa gani ba suna rubuto cewa hannuna yana da kyau. A wannan shekarar ne Ishaya bai zauna gida saboda kuɗin makaranta ba ko zango ɗaya. Amma wahalar ta yi yawa. Asabar da safe in je ɗibar yumɓu, in dawo in kwaɓa, in gina. Wata Asabar ɗin in gasa, in yayyafa makuba tun suna da zafi don su yi duhu da sheƙi. In roƙo dusar katako wajen kafinta, in shirya kowanne cikin kwali, in kai tasha a ba direban Kontagora, sannan in yi sati ina ganinsu a raina sun farfashe a ramin hanya. Sau ɗaya wata akuya ta isa da karyayyar ƙafa, na gina biyu na aika a madadinta. Hannuna ya tsattsage, ina gyangyaɗi a bencin masinja. Rifkatu ta ce da zan binne su a bayan gida su yi damina ɗaya, su fito kamar na kakanni, da na huta da shara.

"Wasa nake yi, kada ki suma mini a nan," in ji ta, da ta ga fuskata.

To a cikin bazara sai ga wani saƙo daga wani mutum a ƙasar waje. Rifkatu ta karanta ta fassara mini. Ya ce ya ji labarin tukwanen kaburbura na mutanen Zuru, yana so ya sani, waɗannan nawa tsofaffi ne da aka ɗauko daga kabari, ko sababbi ne? Wannan tambaya ta hana ni cin abinci. Na ce ashe akwai wanda ke zaton ina tone makabarta. Na ce ashe kuma wataƙila waɗanda suka riga suka saya sun ɗauka tsofaffi ne, na ci haƙƙinsu ban sani ba. Rifkatu ta ce layi ɗaya ya isa, a rubuta masa sababbi ne, shi ke nan. Ni kuwa na ga baki kawai ba zai wadatar ba, kowa yana iya cewa haka. Sai an gani da ido, ga nawa ga na gaske, ga rufaffen baki ga buɗaɗɗe, yadda ba wanda zai ƙara ruɗewa. Ran Asabar na ari kyamararta, na sa akuya ɗaya a jaka, na shiga motar hanyar Mahuta na sauka ƙauyenmu. Ba zan rubuta sunan ƙauyen a nan ba. Na riga na rubuta shi sau ɗaya.

Ku sani, makabartar tana can bisa dutse inda tsohon gari yake, kuma ba a hawa sai bayan kaka, dangi gaba ɗaya, a share ciyawa, a zuba wa tukwane abin da aka saba zubawa. Yayana Bawa, kawunku, shi ke gaba tun da ya zama babban gida. Ba a hawa a ɓoye, ba a kuma kai baƙo. Na san wannan sarai. Na gaida Inna, lokacin idonta ya kusa rufewa, na ce zan zaga neman jar ƙasa. Jar ƙasar na ɗebo ta kuwa, don kada maganar ta zama ƙarya. Na hau ni kaɗai da tsakar rana. Giwar Baba tana nan ƙarƙashin tsamiyar da tsawa ta raba biyu, ta yi baƙi, gansakuka a bayanta, bakinta a buɗe. Na ce, Baba ka yi haƙuri, don gaskiya nake yi. Na ajiye akuyata a gefenta na danna. Hoton ya fito da kyau, har da sauran tukwanen a baya, har da tsamiyar.

A shago ni na faɗi abin da za a rubuta. Na ce a sa ƙaramar tawa ce, sabuwa, babbar kuwa ta kabarin ubana ce, ba ta sayarwa ba ce. Na ce a sa sunan ƙauye, da dutsen, da tsamiyar.

"Har sunan ƙauye? Ke kamar mai ba da shaida a kotu."

"In ban sa ba, ta yaya zai san ba ƙirƙira na yi ba?"

"To a aika masa shi kaɗai, ko a sa a shafi?"

"A sa a shafi. Kowa ya gani, kada wani ya sake ruɗewa."

Na rubuta wannan dalla-dalla don ku san Rifkatu ta tambaye ni, ni na zaɓa. Mutane sun zage ta daga baya, ba ta da laifi.

Asabar ta gaba muka tarar da saƙonni fiye da duk waɗanda na taɓa samu. Ba wanda ya ambaci akuyar. Babbar nawa ce? Akwai irinta guda nawa a wurin? Mota tana kaiwa gindin dutsen? Rifkatu tana karantawa muryarta tana raguwa. Na ce ta cire hoton yanzu-yanzu. Ta fara ke nan janareto ya mutu, mai shago ya ce sai Litinin. Ran Lahadi aka yi hadarin farko, iska ta kwashe rufin mutane. Da muka je Litinin bayan tashi daga aiki, farantin yana kwance a ƙasa a lanƙwashe.

"Mi zan yi, Madam? Mun kira masu gyara, sunka ce sai sati na sama," in ji mai shago.

Rifkatu ta ce akwai shago a Kontagora, mu je gobe mu dawo. Amma a wannan makon manya za su zo duba ofis daga Birnin Kebbi, oga ya ce ko wanda ke mutuwa ya zo ya mutu a bakin aiki. Rifkatu ta ce in ce zazzaɓi nake yi, ita ma za ta ce haƙori. Na kasa. Na tsaya ƙofar oga har sau biyu, maganar tana bakina, na juya na ɗauki tsintsiya. Baƙin suka ɗaga zuwansu, suka sake ɗagawa, mu kuma kullum muna goge tagogi muna jira, har Asabar. Hoton ya yi kusan sati uku a shafi kafin a gyara farantin a cire shi. Da aka cire na yi ajiyar zuciya, na ce Allah ya rufa asiri.

Wata Laraba da yamma sai ga Yaya Bawa a Rikoto, ya shigo gari sayen taki. Ban taɓa ganinsa da fara'a haka ba. Da yarenmu muka yi maganar, ina mayar muku da ita Hausa ne.

"Talatu, mu ma mun shigo duniya. An zo auna dutsenmu, za a kafa ƙarfen sabis ɗin waya. Ba sauran ki aiko da saƙo ta bakin direba."

"Su wa suka zo?"

"Mutum huɗu, da farar mota, da hulunan kwano, da wani abu mai ƙafa uku da ake leƙawa. Masu ladabi. Ni na hau da su, har jarkar ruwansu ni na ɗauka. Dattawa suka ce tunda aikin gari ne, ba laifi. Kuma sun san aikinsu, tun daga ƙasa suke tambayar tsamiyar da tsawa ta raba, wai nan ne ya fi tudu."

Ina riƙe da ludayi lokacin.  A nan ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, don na farko ban sani ba. Da na buɗe baki a wannan yammacin, da ya koma ya sa samari sun tsare hanyar dutse. Amma na ce a raina wataƙila masu sabis ɗin ne da gaske, tsamiyar ai ana hango ta daga nesa, kada in tayar da hankalin gari a banza, kada in zargi bayin Allah da sata ban gani ba. Kuma ina tsoron idonsa. Na zuba masa tuwo, ya ci, ya sa muku albarka, ya tafi. Na yi aiki Alhamis da Juma'a kamar wadda ba ta cikin jikinta. Asabar da sassafe na shiga mota.

Mutanen farar motar sun riga sun dawo ran Juma'a, ranar da gari ya watse zuwa kasuwa. Sun ce wa tsofaffin da suka tarar ba sai an raka su ba, sun gane hanya. Da na iso, mutane suna saukowa daga dutse. Na hau. Inda giwar Baba take, sai zagayen ƙasa mai laima, fari, da tururuwa suna ta kwashe ƙwayayensu suna neman inuwa. Haka wurare da yawa. Sun zaɓi masu kyau, biyu da suka tsage a hannunsu suka bar su a farfashe. Ga guntayen igiya, ga ledojin ruwa. Ga kuma dusar katako a zube, irin wadda nake shirya nawa kayan da ita.

A tsakar gidan Inna aka taru. Yaya Bawa yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye, dattawan da suka ce ba laifi su ne yanzu ke cewa shi ya kai baƙi kan kakanni, shi ya nuna musu kowane kabari. Wani ya ce a bincika ko an ba shi wani abu. Bai ɗago ba. Ba wanda ya san da hoton nan a duk ƙauyen. Da na yi shiru, da har yau ba wanda ya sani, da kuma kawunku ne ake nunawa da baki a wajen jana'iza, ba uwarku ba. Na daɗe a tsaye jikin rumbu. Ina da kwafin hoton a jakata, wanda mai shago ya buga mini a takarda. Na fito da shi na durƙusa a tsakiya.

"Ba Yaya ne ya nuna musu hanya ba. Sun san hanya tun kafin su taso. Ni na nuna musu."

Na faɗi komai, tun daga akuyar teburin Rifkatu. Takardar tana yawo hannu zuwa hannu. Yawancinsu ba su gane mene ne intanet ba, abin da suka gane shi ne ina sayar wa Turawa kayan yumɓu, ga kuma hoton giwar ubana. Wani dattijo ya tambaye ni abin da aka ba ni. Na ce ko sisi. Ya tofar da yawu. Daga nan maganar da kuka ji ta samo asali. Yaya Bawa ya ɗago, bai ɗaga murya ba.

"Ran Laraba kina kallona ina murna. Kika zuba mini tuwo."

"Na ji tsoro, Yaya."

"Na ɗaukar musu ruwa, Talatu. A kaina."

Inna tana kan tabarma tana saurare. Sai ta miƙa hannu ta ce a ba ta abin. Aka sa mata takardar a hannu. Ta shafa gaba, ta shafa baya, ta bi gefe da yatsa.

"Ba komai a nan. Takarda ce."

"Yana ciki, Inna," na ce.

"To ku fito da shi mana."

Na rufe shafin a satin. Wanda ya yi oda ban aika ba na mayar masa da kuɗinsa, ban ƙara sayar da ko asusu ba. Mun kai ƙara, aka rubuta, shi ke nan. Ba a kafa ƙarfen sabis a dutsenmu ba. Har yau ban san ko mutumin da ya yi tambayar farko yana da hannu ba, wataƙila tambaya kawai ya yi, don haka ba na zarginsa. Rifkatu ce ta ƙi haƙura, duk Asabar tana shago tana bincike. Bayan fiye da shekara ta zo ta ja ni daga bakin famfo, hannuna da kumfa. A gilashin kwamfuta labulen ya yi ta saukowa: kai a ɗage, baki a buɗe. An wanke ta, an ɗora ta kan wani farin dandamali, fitila tana haska ta, a wani gidan sayar da kayan tarihi a ƙasar waje. A hoto na biyu, na gefe, ga ramin yatsana bayan kunnen hagu. Na ce ta karanta mini rubutun ƙasa. Ta ce an rubuta ta haura shekara ɗari, kuma ba a san wanda ya gina ta ba. Mun rubuta musu sau uku, ba amsa. Daga baya hoton ya ɓace.

Na je na gaya wa Inna, don na yi alkawari ba zan ƙara ɓoye komai ba. Tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu.

"Wai ba a san ni ba?" Ta yi 'yar dariya. "Baban naku, ruwan sama yana taɓa shi?"

"A'a, a ɗaki yake."

"Wa ke zuba masa bayan kaka?"

 Ta ci gaba da ɓara har kwanon ya kusa cika, sannan ta ce, "Asabar ki zo da yumɓu. Na bakin rafi, ba naku na birni ba."

Asabar biyar muka yi. Ba ta gani, don haka sai ta ɗora hannuwanta bisa nawa, in na kauce ta matse ni. Ciki, ƙafafu, wuya, kai. Da muka zo baki hannuna ya tsaya. Shekara talatin ina rufe baki, ga kuma coci a raina, ban san ko abin da nake yi zunubi ba ne, kuma ban tambayi Fasto ba wannan karon don ina tsoron amsarsa.

"Buɗe masa," in ji Inna.

Na buɗe. Sai ta lalubo yatsana, ta kai shi bayan kunnen hagu, ta danna. Ramin ya fi na da girma. Muka gasa ta ita kaɗai, ba tare da tukwanen girki ba, ta fito lafiya ko tsaga babu. Inna ta aika aka kira Yaya Bawa. Ya zagaya ta, ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya miƙe ya ce ba za ta hau dutse ba.

"Ni na gina," in ji Inna.

"Na ga hannunki a kan nata, Inna. Amma nata ne a cikin yumɓun. In na hau da ita, me zan ce wa sauran gidajen da nasu kaburburan ke tsirara?"

Kada ku riƙe shi da wannan. Shekaru da yawa bayan abin, ba a bar shi ya shige gaba a hawan bayan kaka ba, shi da aka haifa don haka. Kuma tambayarsa ba ni da amsarta, har yau. Inna ta rasu a daminar da ta biyo bayan ginin. Kawunku ya sa dutse a kan kabarin Baba. Ni kuma na naɗe giwar a bargon babanku, na rungume ta a mota tun daga ƙauye har Rikoto, duk ramin da muka faɗa ina jin kamar ni ce zan tsage. Muna gaisawa da kawunku, ya zo aurenku duka biyu, ya ci abincina. Maganar ce dai ba mu ƙara tayarwa ba.

Ga abin da nake roƙonku. In na riga shi tafiya, ku bari kaka ta wuce, ku je ku durƙusa ku tambaye shi. Ishaya, kai za ka yi magana, kuma da yarenmu, ko da yana karye maka. In ya ce to, ku ɗauke ta a hannu, ba a bayan babur ba, ku riƙe ta ta ciki, kada ta wuya. In ya ce a'a, kada ku yi gardama, ku dawo da ita bayan ƙofa. Bargon yana son a shanya shi sau ɗaya a shekara saboda gara. Kwanan baya 'yar Hannatu ta ɗaga gefensa ta leƙa, ta ce kai, Kaka, wannan ta yi kyau, ta zaro waya. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa jika ba, har ta yi kuka. Ku ba ta haƙuri, ku karanta mata wannan. Ko a ɗakina take, ko a bisa dutse, kada kowa ya ɗauke ta hoto.